Cika Ciki Daban, Gina Jiki Daban: Wake, Gyaɗa Da Nono A Ma'aunin Ilimi

Ranar Talatar da ta gabata, da misalin ƙarfe 11 na hantsi, ina tsakiyar darasi da ɗaliban aji uku sai na lura idanun da yawansu sun yi nauyi. Wannan yana gyangyaɗi, wancan ya tallabe haɓa yana kallon allo amma hankalinsa ya yi nisan kiwo. Na dakata da darasin, na ce kowa ya faɗa mini abin da ya karya da shi. Da farko sun ɗauka raha nake yi, sai da suka ga na gyara tsayuwa ina jira sannan amsoshi suka fara fitowa. Wasu biskit da lemon kwalba, wasu ruwan bunu da yankan burodi, wasu kuwa ko ruwa ba su kurɓa ba. Wani daga can baya ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ai mu tsarin sifili-ɗaya-sifili muke bi," wato babu na safe, a ci na rana, babu na dare. Da aka zo kan wani yaro mai shiru-shiru da ke zaune gefen taga, sai ya sunkuyar da kai ya ce garin kwaki ya jiƙa ya marmasa ƙuli-ƙuli a ciki. Aji ya kwashe da dariya.

Na bari suka gama dariyarsu, sannan na shaida musu cewa cikin duk waɗanda suka yi magana babu wanda karin kumallonsa ya kai na wannan yaro amfani ga jiki. Suka yi tsit suna kallona kamar na yi saɓo. Tun daga ranar abin yake yi mini yawo a zuciya. Yunwar ɗalibai ba sabon labari ba ce ga duk mai koyarwa a jami'a a wannan zamani, amma dariyar ta fi yunwar tayar mini da hankali, domin ta nuna mini cewa matasan da muke sa ran za su ja ragamar al'umma gobe sun ɗauki abin da ke gina jikinsu a matsayin abin kunya, wanda ke cinye kuɗinsu a banza kuma suna ganin shi ne wayewa. Shi ya sa na ga ya dace filin namu na wannan mako ya ɗan sauka daga kan siyasa da yajin aiki, ya leƙa cikin tukunya.

Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai ba duk abin da ya shiga ciki ne ke yin aiki iri ɗaya ba. Tuwo da shinkafa da rogo da dankali da sukari da mai, aikinsu na farko shi ne ba da ƙarfi, kamar itace a murhu. Ganyaye da 'ya'yan itatuwa suna taimakawa wajen kare jiki da daidaita ayyukansa. Akwai kuma rukuni na uku, wanda shi ne abin tattaunawarmu a yau, wato abinci mai ɗauke da sinadarin furotin, wanda da shi ake gina jikin kansa. Tsokar jikin mutum, fatarsa, gashinsa, farcensa, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jininsa, dakarun da ke yaƙar cuta a jikinsa, da ruwayen da ke narkar da abinci a hanjinsa, duk da furotin ake ƙera su. Kuma ginin ba ya ƙarewa ranar da mutum ya daina tsawo, domin kullum wasu sassa na tsufa ana rushe su, ana sake gina sababbi a madadinsu har ranar da rai ya yi halinsa.

Shi furotin ɗin nan an harhaɗa shi ne daga wasu ƙananan ƙwayoyi iri 20 da masana ke kira amino asid. Mai karatu ya ƙaddara masaƙi ne da ke buƙatar zare launi 20 kafin ya fitar da zane. Launi 11 yana iya rina su da kansa a gida, amma 9 dole sai ya je kasuwa ya sayo. Idan launi ɗaya daga cikin taran nan ya yanke masa, saƙa ta tsaya, ko da kuwa sauran zaren ya cika ɗaki. Haka jiki yake: kasuwar da yake sayo waɗannan 9 ita ce abincin da muke ci. Wani abin lura kuma shi ne jiki yana da rumbun ajiye kitse, amma ba shi da rumbu na musamman na ajiye furotin. Duk ranar da ba a ba shi ba, sai ya koma ya ɓantari tsokarsa ya yi amfani da ita, tamkar magidancin da ke cire azarar ɗakinsa yana hura wuta.

To, nawa ake buƙata? Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ga baligi mai lafiya shi ne kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo ɗaya na nauyin jikinsa a kowace rana. Ke nan mutum mai nauyin kilo 60 yana neman wajen giram 50. Mai juna biyu da mai shayarwa da yaro mai tasowa da wanda ya tashi daga jinya, buƙatarsu ta fi haka idan aka gwada da girman jikinsu. Yanzu bari mu ɗora abincinmu a kan sikeli. A cikin giram 100 na busasshen waken suya akwai furotin kimanin giram 36. Gyaɗa tana da wajen 25, wake 23, ɗanyen jan nama wajen 20. Gero yana da kimanin 11, masara 9, shinkafa 7. Garin kwaki kuwa bai cika kaiwa giram 2 ba. Ƙwan kaza ɗaya yana ba da giram 6, kofi ɗaya na madarar shanu ko kindirmo wajen giram 8. A lura cewa lissafin wake na busasshe ne, domin idan ya dahu ya sha ruwa nauyinsa yana ninkawa fiye da sau biyu, furotin ɗin kuwa yana nan yadda yake.

Idan mai karatu ya bi waɗannan alƙaluma a hankali zai ga abin da ya sa na ba ɗalibin nan lambar yabo. Garin da ya jiƙa cika ciki ne kawai, amma ƙuli-ƙulin da ya marmasa gyaɗa ce da aka matse mata mai, saboda haka furotin ɗin da ke cikinsa ya ma zarce na gyaɗar kanta. Mai lemon kwalba kuwa bai sha ko giram ɗaya na furotin ba, abin da ya sha ruwa ne da launi da sukarin da a wasu kwalaben yakan kai cokalin shayi 9. Zai kuma ga cewa giram 50 ɗin nan ba abu ne da ya gagari talaka kai-tsaye ba. Wanda ya ci giram 100 na wake a yini, abin da bai cika gwangwanin madara ba, ya samu 23. Ya ƙara da cikin tafin hannu na gyaɗa, ya samu 7. Ƙwai ɗaya, 6. Kofin nono, 8. An tashi 44 ke nan, tuwon dare kuma ya cike gurbin har da rara, alhali ko ƙamshin nama bai ji ba.

A nan ne ya kamata mu cire hula ga kakanninmu mata. Binciken kimiyya ya tabbatar da cewa hatsi, wato gero da dawa da masara da shinkafa, yana da ƙarancin ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan 9, wadda ake kira laisin, wake kuwa yana da ita a wadace. Shi kuma wake yana da ƙarancin wata mai suna metiyonin, wadda hatsi ke da ita. Idan aka haɗa su sai kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, abincin ya kusa kamo nama a inganci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To, ka duba teburin Bahaushe na asali: koko ba ya tafiya sai da ƙosai, fura ba ta cika sai da nono, shinkafa da wake, kunun gyaɗa da ake damawa da shinkafa ko gero, dambu da zogale da garin ƙuli, tubani, tuwo da miyar wake ko miyar da ta ji daddawa. Waɗanda suka tsara wannan ba su taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, ba su san sunan laisin ba, amma tsawon zamani da lura da jikin 'ya'yansu ya kai su inda littafi ya kai mu.

Abin takaici shi ne mu da muka yi karatun mu ne muke warware wannan haɗi. A gidaje da yawa ɗanwake suna kawai ya rage masa, domin fulawa ce da garin rogo da kuka, waken ya yi ƙaura. Fura ta koma ruwa da ƙanƙara da sukari, nonon an ɗiga shi ne don a canza mata launi. Daddawar kalwa, wadda ita kanta tana ƙara wa miya furotin, ta bar wa ɗunƙulen magi fili, shi kuwa mafi yawansa gishiri ne. Yaro ya tashi da taliyar leda, ya yini da taliyar leda, uwa tana alfahari ɗanta ba ya cin abincin ƙauye. Ba na cewa a haramta wa kowa taliya. Amma idan za a dafa ta, a fasa mata ƙwai, ko a zuba mata wake ko kifi, don ta tashi daga cika ciki ta zama abinci.

Wannan batu yana da tarihi mai ban tausayi a yankinmu na Afirka ta Yamma. A shekarar 1933 wata likita haifaffiyar Jamaika mai suna Cicely Williams, wadda ke aiki a asibitin yara a birnin Accra na ƙasar Gana ta yanzu, ta wallafa bayanin wata cuta da take gani a jikin ƙananan yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla. Ƙafafunsu su kumbura, gashinsu ya yi ja ya yi laushi, fatarsu ta riƙa saɓulewa, yaro ya zama ba ya wasa ba ya dariya. A 1935 ta sanya wa cutar sunan da mutanen ƙabilar Ga ke kiran ta da shi, kwashiyoko, wanda ma'anarsa ita ce ciwon da ke kama yaro idan aka yi masa ƙane. Duk Bahaushen da ya ji wannan fassara zai tuna da abin da tsofaffinmu ke cewa, wai yaro ya sha ciki. Sun ga alamar daidai, sai dai sun kuskure dalilin. Cikin da uwa ta samu bai sa wa nononta guba ba. Abin da ya faru shi ne an tsige yaro daga nono farat ɗaya, aka miƙa masa tsinkakken koko wanda babu abin da ke cikinsa sai ruwa da gasara. Masana a yau sun gano cewa ban da ƙarancin furotin akwai hannun cututtuka irin su gudawa da ƙyanda, da rashin wasu sinadaran, amma darasin da likitar ta bari yana nan daram.

Kada wani ya ɗauka labarin zamanin Turawa ne da ya wuce. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57 cikin 100. A cikin kowane yara goma da ke wasan ƙasa a unguwanninmu, kusan shida ke nan. Tsumburewa kuwa ba a tsawo kaɗai take tsayawa ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawan ɓarnar tana aukuwa ne a kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara 2. Abin da aka rasa a wannan tsakani da wuya a mayar da shi gaba ɗaya. Mukan zauna mu yi ta muhawara a kan dalilin da ya sa yaranmu ke baya a jarrabawa, mu zargi malamai, mu zargi gwamnati, kuma duk suna da nasu laifin, amma wani kaso na faɗuwar tun a kofin koko aka rubuta shi.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne muna zaune ne a kan taskar furotin. Babu ƙasar da ta kai Najeriya noman wake a duk duniya, mai bi mata kuwa ita ce maƙwabciyarmu Nijar, kuma mafi yawan waken nan daga gonakin Arewa yake fitowa. Wanda ya shiga kasuwar Dawanau a Kano da kaka zai ga buhunan wake da waken suya da riɗi iya ganinsa. Dalar gyaɗar Kano sai da ta zama tambarin arzikin ƙasa kafin man fetur ya ɗauke mana hankali. Daga kasuwannin Potiskum da Maigatari da Mai'aduwa ake loda shanu da awaki a manyan motoci ana yin Kudu da su kowane mako. Kifi na fitowa daga Tafkin Chadi da fadamun Haɗejiya da kogin Yawuri. Amma yankin da ke ciyar da ƙasa da duk wannan shi ne kan gaba a tamowa. Mun zama kamar mai sayar da ruwa da ƙishirwa ke kashewa.

Bari mu dawo kan abin da kowa zai iya yi, musamman a fagen ɗan abin taɓawa tsakanin abinci da abinci, domin a nan ne kuɗi ke zurarewa ba a sani ba. Ma'aikaci a ofis, ɗalibi a makaranta, direba a tasha, ɗan kasuwa a rumfa, kowa yana da ɗan canjin da yake kashewa a kan kayan ƙwalama. Da wannan canjin za a iya sayen soyayyar gyaɗa ko dafaffiya, ko ƙuli-ƙuli, wanda zai yi makonni a cikin gwangwani bai lalace ba, ko dafaffiyar gurjiya, wadda ita ma 'yar gidan su wake ce kuma tana riƙe ciki. Ga awara, wadda a 'yan shekarun nan ta zama naman talaka a garuruwanmu, kuma ta cancanci sunan. Ga dafaffen ƙwai, na kaza ko na zabi idan damina ta sauka ya yi araha. Ga kindirmo, ga alale da ƙosai, ga kantun riɗi, ga kwaɗon zogale ko na rama da ya ji ƙuli. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da cuku, busasshen nono da matafiyi ke sakawa a aljihu. Mai ɗan hali ya ƙara da kilishi ko dambun nama. Kilishi da busasshen kifi da soyayyar fara, da yake an ƙone musu ruwa, wajen rabin nauyinsu ko fiye duk furotin ne, saboda haka kaɗan daga cikinsu yana aiki mai yawa. Aya da dabino da rake kuwa suna da nasu amfanin wajen ba da kuzari, amma kada a lissafa su a wannan sahu. Kuma ya fi kyau a rarraba furotin ɗin a tsawon yini, kaɗan da safe, kaɗan da rana, kaɗan da dare, maimakon a tara shi a zama ɗaya.

Ga masu ƙananan yara, ƙa'idar ita ce nonon uwa zalla har wata 6, sannan a fara ƙarin abinci ana ci gaba da shayarwa. Akwai haɗin garin kunu da ma'aikatan lafiya ke koya wa iyaye mata, wanda kowace mace za ta iya yi a tsakar gidanta: awo 6 na gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa. A tsince, a wanke, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama, a cire wa waken suya ɓawo, a haɗa a niƙa. A dama shi da kauri, domin cikin yaro ƙarami ne, tsinkakken kunu yana cika shi da ruwa ne kawai. In da hali a zuba garin busasshen kifi ko cokalin madara. Tsofaffi ma kada a manta da su. Da zarar haƙora sun zube sai mu bar iyayenmu da koko safe da yamma, tsokarsu ta riƙa zagwanyewa, ƙafa ta kasa ɗaukarsu, mu ce tsufa ne. Tsufan gaskiya ne, amma alale mai laushi da kindirmo da ƙwai da farfesun kifi ba sa buƙatar haƙori.

Yanzu zan taɓo inda ke da zafi, kuma da 'yan'uwana magidanta nake. A gidajenmu da yawa, idan nama ya shiga tukunya, kwanon maigida ake fara cikawa, yara su samu romo da ƙashi, mai ciki ta haƙura da abin da ya rage. Wani ma ba ya bari a kai ga haka: a majalisa zai ci tsirensa, ya biya wajen mai shayi a soya masa ƙwai uku, ya share baki ya shiga gida ya tarar da iyali a kan tuwo da miyar kuka lami, ya ce ai shi ya ƙoshi. Mutumin da ya gama girma shi ke cinye kayan gini, waɗanda ake kan ginawa suna kallo. Ga kuma camfin da har yanzu bai mutu ba a wasu wurare, wai idan yaro ya saba da cin ƙwai zai yi sata. A ƙauyuka sau da yawa uwa za ta tara ƙwan kajinta ta aika kasuwa, a sayo mata magi da alewar yara da kuɗin. Ni kaina ban tsira ba. Sai da na zauna na kwatanta abin da nake kashewa a kan lemo da kayan zaƙi a wurin aiki cikin wata guda da kuɗin kiret ɗin ƙwai, na ji kunyar kaina.

Tun da gyara muke nema, wajibi ne a faɗi inda haɗari yake. Gyaɗar da ta sha danshi ta yi fumfuna tana ɗauke da wata guba mai suna afalatoksin, wadda ke lalata hanta har ta kai ga sankara, kuma suya ko dafuwa ba sa kashe ta. Duk ƙwayar da ta yanƙwane, ta canza launi ko take ɗaci, a zubar da ita, kuma masu yin ƙuli-ƙuli su ji tsoron Allah su daina sayen rubabbiyar gyaɗa don arha. Wake ma yana da tasa matsalar, domin wasu masu ajiya suna zazzaga masa maganin ƙwari ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Abin da Bature ya ƙi saya saboda lafiyarsa, mu muke dafa wa 'ya'yanmu, alhali akwai buhu mai leda biyu a ciki da ke kashe ƙwari ta hanyar toshe musu iska ba tare da ɗigon magani ba. Ɗanyar madara a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da ita, saboda tarin fuka da wasu cututtukan da ke tsallakowa daga dabba. Waken suya sai ya dahu sosai. Fara a tabbatar ba wadda feshin magani ya kashe ba ce. Mai hawan jini ya yi hattara da gishirin kilishi da yajin tsire, awara da ƙosai kuma a guji man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi. Ƙaramin yaro kada a ba shi gyaɗa ƙwaya-ƙwaya don gudun shaƙewa, a niƙa masa. Wanda kuma likita ya tabbatar masa da ciwon ƙoda, to abincin wani gubar wani, shi da likitansa za su yanke yawan furotin da zai ci. Masu gudun wake saboda kumburin ciki su jiƙa shi ya kwana, su zubar da ruwan, su fara da kaɗan har hanji ya saba.

Na san wani mai karatu zai ce, "Malam, kana da albashi shi ya sa kake wannan lissafi. Wanda bai samu garin ba ina zai ga ƙulin?" Wannan magana tana da nauyi, kuma ba zan yi mata kwaskwarima ba. Tun bayan cire tallafin man fetur a 2023 farashin abinci ya yi tashin gwauron zabi, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin kayan abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Wake da ƙwai da ake yi wa kallon na kowa sun fara zama na wane da wane. Manomin da ɗan bindiga ya raba da gonarsa ba wa'azin furotin yake buƙata ba, tsaro yake buƙata. Wannan nauyi ne a wuyan hukuma, haka ma farfaɗo da ciyar da 'yan firamare abinci na ƙwarai, da kai ingantaccen irin da cibiyoyin bincike irin su ta Samaru a Zariya ke fitarwa zuwa hannun ƙaramin manomi. Amma tsakanin wanda ba shi da komai da wanda ke da komai akwai miliyoyin gidaje da ke da ɗan abin kashewa, kuma zaɓi yana hannunsu. Da su nake magana. Haka kuma samarin da ke tara kuɗi suna sayen gwangwanayen garin furotin na ƙasashen waje don su tara ƙwanji, su sani cewa mafi yawansu abin da suke nema yana nan a faifan mai awara da ƙwaryar mai nono a bakin layinsu.

Roƙona ga kowane magidanci da kowace uwa shi ne a wannan mako su ware yini ɗaya su lissafa abin da ƙaramin yaron gidan ya ci daga safe zuwa dare, sannan su tambayi kansu a cikin abin nan wanne ne na gina jiki. Idan amsar ta zama babu, to ko mudun wake ɗaya ne, ko ƙullin ƙuli-ƙuli, ko ƙwai biyu a raba wa yara huɗu, a fara da shi gobe. Malamai 'yan'uwana kuma, daga firamare har jami'a, mu riƙa ɗaukar minti biyar muna gaya wa ɗalibai cewa babu abin kunya a cin abincin da ya raini iyayensu. Ɗalibin nan nawa na gefen taga ya tare ni bayan darasi ya ce, "Malam, wallahi da na san haka ne da ban sunkuyar da kai ba." Na ce masa ya ci gaba da marmasa ƙulinsa, in ya samu sarari ya ƙara da kofin nono.

Allah ya hore mana abin da za mu ci mu ciyar da iyalanmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu.